Rawar Hannun Lucjan

Tun da aka kafa ƙungiyar masu wasan ƙananan sojoji a garin Sanok, duk shekara sai an ce za a shirya gasa a gayyato mutanen wasu garuruwa, kuma duk shekara maganar a bakin kofin shayi take mutuwa. Ranar Alhamis da yamma suke haɗuwa a bayan shagon Pan Roman, wato Malam Roman a yarensu, dattijon da ya kafa ƙungiyar. Su shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur, su jera tuddai da bishiyoyi da rusassun gidaje na kwali, kowa ya buɗe akwatinsa ya fito da rundunarsa ta sojojin roba waɗanda ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Da tef ake auna tafiyar kowane soja, da 'ya'yan ludo ake yanke wanda ya yi sara da wanda ya faɗi.

Jagoda, wata 'yar ƙungiyar, ita ce ta gaji da jin "sai baɗi". Sana'arta haɗa haƙoran roba, kuma ko walimar ranar haihuwa ba ta taɓa shiryawa ba, amma wata Alhamis ta ajiye buroshin fentinta ta ce ita za ta yi, kafin sanyi ya shigo. Pan Roman ya leƙo ta saman tabarau ya yi dariya, ya ce in mutum ya ce zai haɗiye gatari, ai sai a riƙe masa ƙota.

Gatarin kuwa ya tsaya mata a wuya tun ba a je ko'ina ba. Zauren da ta samu na 'yan kwana-kwanan sa-kai ne a wani ƙauye da ke gefen gari. Teburan da ta aro daga coci suka zo ba faɗi, sai da aka ɗora musu faifan katako. Kicin ɗinta ya koma masana'anta, ko'ina warin gam da fenti, har ta taɓa tsoma buroshi a kofin shayinta ta kurɓa ba ta lura ba. 'Yan ƙungiyar da suka yi alkawarin taimako, da ranar ta matso, wannan surukarsa ba lafiya, wancan an ba shi aikin ƙarshen mako. Mutum ɗaya ne bai taɓa ba ta uzuri ba, yayanta Lucjan.

Lucjan ne ya koya mata wasan tun tana 'yar firamare, a ƙarƙashin teburin cin abincin gidansu. A zamaninsa babu mai ja da shi a Sanok, ko a wasa ko a fenti. Yakan zana ƙwayar idon sojan da kansa bai kai ƙwayar wake ba. Daga baya giya ta shiga tsakaninsa da komai. Aikin tuƙin babbar mota ya tafi, matarsa Marzena ta ɗauki 'yarsu ta koma Kraków, shi kuma ya dawo ɗakinsa na ƙuruciya a gidan mahaifiyarsu. Tun bazara bai ƙara sa kwalba a baki ba, amma ta bar masa rawar hannu, har in zai sha miya sai ya sunkuya sosai don kada cokali ya zubar. Ya daina zuwa ranar Alhamis. Da Jagoda ta nemi taimakonsa, ya ce zai ɗauki tebur, zai tsare tukunya, amma kada ta kuskura ta ce ya taɓa soja.

Safiyar gasar, na'urar ɗumama zauren ta ƙi tashi. Mai riƙe da makullin wurin ya buga ta, ya zage ta, ya ce zai je ya nemo wanda ya san kanta, bai dawo ba. Baƙi suka fara sauka daga Lublin da Rzeszów da Kraków, suna shigowa da akwatuna a rungume kamar jarirai, numfashinsu yana hayaƙi. Ba wanda ya cire rigar sanyi. Jagoda tana ba da haƙuri, tana nuna wa kowa teburinsa, sai wayarta ta yi ƙara: wani daga cikin 'yan wasan motarsa ta lalace a hanya, ba zai iso ba. Ke nan a kowane zagaye mutum ɗaya zai rasa abokin karawa, ya zauna yana kallon wasu, bayan ya yi doguwar tafiya tun da asuba.

Ta tsaya a tsakiyar zauren, idonta ya faɗa kan akwatin gilashin da ta ajiye a bakin ƙofa. Mahayan dawakan Lucjan ne a ciki, masu fukafukai a baya da dogayen masu, ta kawo su ne don ado kawai, kuma tun ɗazu baƙi suke tsayawa suna ɗaukarsu hoto.

A kicin ta same shi yana juya tukunyar kabeji da nama. Da ta faɗa masa abin da ke tafe da ita, sai ya ɗaga hannunsa na dama a gabanta ta ga yadda yake karkarwa.

"Ba cewa na yi ka ci ba, Lucek," in ji ta, da sunan da take kiransa tun suna yara. "Gurbi kawai za ka cike. Ka zauna su yi ta dukanka har yamma, shi ke nan."

"To madalla da ƙanwar kirki. Kin rasa wanda za a daka sai ni."

Ta ce masa tun da ta fara wannan wahala ba ta roƙe shi abin da ya fi ɗaukar tebur ba, yau kuwa in bai rufa mata asiri ba za a koma Lublin ana ba da labarinta. Ya daɗe yana kallon tukunyar. Daga ƙarshe ya kwance ƙyallen da ya ɗaura a ƙugu, ya ce ta rage wuta, in girkin ya kama ƙasa Mama za ta kashe su duka biyun.

Aka fito da mahayansa daga akwatin gilashin, ya ci wasan farko. Ya ci na biyu ma. Hannun yana rawa, wani lokaci sai ya tallafe shi da na hagu kafin ya ɗaga soja, amma kan yana nan yadda yake. Jagoda tana ta kai da komo, nan a kira ta a kan gardamar ko wani bango ya tare harbi, can wani ya taka tutar wani ta karye, ga masu tambayar ina bayan gida, amma duk inda take kunnenta yana wajen teburin yayanta. Ta ji shi yana tsokanar wani saurayi ɗan Kraków, wai sojojinsa sun fi kama da 'yan rakiyar amarya. Ta ji dariyarsa, irin wadda take fitowa tun daga ciki. Ta manta rabon da ta ji ta.

Da rana mahaifiyarsu ta iso da manyan kwanoni cike da pierogi, dafaffen kwaɓin fulawa mai haɗi a ciki, ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon ɗanta a tsakiyar mutane, ana dafa kafaɗarsa. Ta kama damtsen Jagoda ta matse har sai da ya yi mata zafi, sannan ta juya ta shiga raba abinci tana goge ido da bayan hannu.

A zagaye na uku ne Jagoda ta ga abin. Tana wucewa ta bayan teburin da butar shayi, ɗan ludon abokin karawar Lucjan ya faɗi ƙasa, mutumin ya sunkuya nema. A wannan ɗan tsakanin Lucjan ya sa ƙaramin yatsansa a gindin wani mahayi ya tura shi gaba, tazarar da ba ta fi faɗin farce ba. Da mutumin ya ɗago aka auna, sai ga mahayin ya isa inda da bai isa ba.

Ta ci gaba da tafiya, ta zuba wa wasu shayi, tana gaya wa kanta cewa rawar hannu ce, mutum mai irin wannan lalura ai dole ya riƙa taɓa abu ba da niyya ba. Amma abin da ya hana ta sakat shi ne, a lokacin da yatsan yake tura dokin, hannun bai yi rawa ba ko kaɗan. Lucjan ya ci wasan. Ta rubuta sakamakon da hannunta, ta yi shiru.

Wasa na gaba shi ne zai fitar da wanda zai buga na ƙarshe. Aka haɗa Lucjan da wani mai suna Olgierd daga Lublin, dogon mutum mai sanyin magana, malamin makaranta. Ana tsakiyar wasa ya nemi izinin zuwa shan ruwa, ya biyo Jagoda har kicin, ya tsaya yana murza hularsa. Ya ce ba ya son hayaniya, kuma ya ji an ce mutumin yayanta ne, ya kuma ga ba shi da cikakkiyar lafiya. Amma sau biyu ke nan yana juya baya ya tarar dawakai ba inda ya bar su ba. Ya ce in ta fi so, shi zai ƙarasa wasan haka nan ya sha kaye ya tafi gida, ba wanda zai ji daga bakinsa. Ya dai ga bai kamata mai gasa ta zauna ba ta sani ba.

Da ya zo da faɗa ne, da ta san yadda za ta yi da shi. Wannan kawaicin nasa shi ya fi ƙona ta. Ta ce ya koma ya ci gaba, ita kuma ta tsaya a tagar da ake miƙo abinci, inda Lucjan ba ya ganinta. Ba ta daɗe ba. Olgierd ya juya yana duba littafin dokoki, ƙaramin yatsan ya sake fitowa.

Ta zo ta dafa kafaɗar yayanta ta ce tana son ganinsa a waje, wai tukunyar gas ce za a ɗauko. Suka tsaya a bayan zauren, kusa da garejin jar motar kashe gobara, iska tana kaɗa busassun ganye a ƙafafunsu. Ta faɗa masa abin da ta gani, yanzu da kuma ɗazu.

"Hannuna rawa yake, Jagódka. Duk garin nan an sani."

"Na ga hannun, Lucek. Bai yi rawa ba."

Ya kau da kai yana kallon gonakin da aka riga aka girbe. Can ya ce ai ita ta zo har kicin ta roƙe shi, yana zaman zamansa. Ya ce tun safe mutane suke kiran sunansa ba da muryar da ake gaida majinyaci ba, shi bai ma san lokacin da yatsan ya fara ba, ya dai ji ba zai iya komawa gindin tukunya ba. Ya ce wasa ne fa, roba ce da fenti, wa aka kashe?

Ta ce mutumin nan tun daga Lublin ya taso, kuma na ɗazu ma haka. Sai ta kawo masa mafita: ya shiga ya ce jikinsa ba daɗi ya janye, ita za ta san yadda za ta gyara sauran, ba wanda zai ji komai.

Ya yi wata dariya marar daɗi. "In ce ba ni da lafiya? Ni? Kafin in kai mota an gama cewa Lucjan ya koma ruwa. Gobe Marzena ta ji a Kraków." Ya gyara wuyan rigarsa. "Mama tana ciki. In kin iya, ki je ki faɗa a gabanta."

Ya koma ya zauna a kujerarsa, ya ɗauki 'ya'yan ludo kamar ba abin da ya faru.

Jagoda ta tsaya a waje har sanyi ya fara cin yatsunta. Ta yi tunanin ta ƙyale, saura wasa ɗaya a tashi, Olgierd ya riga ya ce ba zai yi magana ba. Ta yi tunanin fuskar mahaifiyarta a ƙofar kicin. Sannan ta tuna cewa duk mutanen da ke cikin zauren nan, a cikin rigunan sanyi, sun yarda su juya wa juna baya a kan tebur ne saboda sun ɗauka akwai mai tsaron wurin, kuma ita ce ta ce musu akwai. Ta koma ciki.

A bakin teburin ta tsaya, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce an tsayar da wannan wasa, an ba Pan Olgierd nasara, kuma wasan zagaye na uku ma an mayar wa wanda aka kara da shi. Ta so a tsaya nan. Amma wani ɗan ƙungiyarsu da ke kallo ya tambaya da ƙarfi a kan wane dalili, teburan kusa suka yi tsit, sai ta ji bakinta yana cewa an matsar da sojoji ba a kan ƙa'ida ba, kuma ita da idonta ta gani.

Lucjan bai musa ba. Ya jawo akwatinsa ya fara kwashe mahayan, yanzu kam hannun yana karkarwa har ya kasa saka su a gurabensu. Ɗaya ya suɓuce ya faɗi, mashin ya karye. Olgierd ya durƙusa zai ɗauko masa, Lucjan ya ce ya bar shi, na gode. Ya rufe akwatin a kan sojojin da ke kwance birjik, ya fita. Mahaifiyarsu ta fito daga kicin tana sa rigar sanyinta, ta wuce ta gaban Jagoda ba ta dube ta ba, ta bi ɗanta. Kwanoninta ma a nan ta bar su.

Pan Roman ya ja Jagoda gefe, fuskarsa ta yi ja. Ya ce shekara nawa yana riƙe da ƙungiyar nan bai taɓa kunyata nasa a gaban baƙo ba, irin wannan a cikin gida ake kashe ta, balle mutumin da kowa ya san daga ramin da ya fito. Ta ce ta gwada kashewa a cikin gida. Ya ce ba ta gwada da kyau ba. Ya ɗauki hularsa, wasu daga cikin 'yan Sanok suka tattara nasu suka bi shi.

Aka buga wasan ƙarshe a zauren da ya yi rabi, ba a jin komai sai ƙarar 'ya'yan ludo a kan katako. Olgierd ya sha kaye a hannun wata mata daga Rzeszów, kuma da alama hakan ya fi masa sauƙi. Jagoda ta miƙa kofi, aka tafa, aka ɗauki hoto tana murmushin da ba ta san daga ina ta samo shi ba. Baƙin suka yi ta yi mata godiya, suna cewa duk da sanyin sun ji daɗi, baɗi ma a kira su. Su ne suka taya ta naɗe ƙyallaye da fitar da tebura, mutanen da da safe ba ta san sunayensu ba.

A hanyar gida ta bi ta gaban shagon da Lucjan ya saba sayen giya a da, ta rage gudu tana leƙe. Ba ya nan. Ta zagaya ta bakin kogi inda mashaya suke zama, can ma babu shi. Ta kira wayarsa, a kashe. Ta kira ta mahaifiyarta, tana shiga ba a ɗauka.

Sai bayan kwana biyu tsohuwar ta amsa. Ta ce yana gida, bai sha komai ba, in abin da take son ji ke nan. Yana dai kwance yana kallon rufin ɗaki. Jagoda ta fara bayani, uwar ta katse ta.

"Ya rasa mata, ya rasa 'ya, ya rasa aiki. Rana ɗaya tak na ga ɗana ya dawo, ita ma sai da kika karɓe. A kan 'yar tsana."

"Mama, ba ni na tura dokin ba."

"Na sani. Ke ba kya tura komai. Kullum ke ce mai gaskiya." Ta ajiye wayar.

Ranar Alhamis Jagoda ta je bayan shagon. Aka amsa gaisuwarta, aka matsa mata kujera, amma hira ba ta yi armashi ba. Wani ya bi ta har wajen mota ya raɗa mata cewa abin da ta yi daidai ne, shi ma da haka zai yi, sai dai kada ta ce shi ya faɗa. Saƙonni suna ta shigowa daga Lublin da Kraków ana tambayar ranar gasar baɗi. Ba ta amsa ko ɗaya ba. In ta zauna aiki da haƙoran mutane a gabanta, sai ta riƙa juya maganar: da ta tsayar da shi tun a zagaye na uku, a asirce, kafin abin ya yi nisa, da ba ta shiga kicin ɗin nan da safe ba, da ta bar mutum ɗaya ya zauna yana kallo. Kowace hanya ta bi, ba ta kai ta inda za ta huta.

Ba su haɗu ba sai ranar tunawa da matattu, farkon Nuwamba, lokacin da duk gari yake ɗunguma zuwa maƙabarta da furanni da kyandirori. Ta tarar da su a kabarin mahaifinsu. Uwar tana jera furanni, Lucjan yana durƙushe yana goge dutsen da soso. Ya rame, amma ya yi aski, idonsa kuma garau. Ya ɗago ya ce ta zo, ta ce ta zo. Ta ajiye nata kyandirorin, ta karɓi bokiti ta je famfo ta ɗebo ruwa.

Da uwar ta matsa gaisawa da wata maƙwabciya, Lucjan ya ce, ba tare da ya daina gugar ba, ya samu aiki a wani ɗakin ajiyar kaya a Rzeszów, zai tafi cikin makon nan, akwai wani abokinsa da zai ba shi wurin kwana. Ya ce ya fi masa sauƙi a garin da ba a san shi ba. Ta ce Allah ya sa alheri, ta tambaye shi ko yana buƙatar ta kai shi da mota. Ya ce bas ma ya isa.

Ta daɗe tana kallon bayan kansa, inda furfura ta fara fitowa, kafin ta iya tambayarsa ko har yanzu yana fushi da ita.

Ya matse soson a cikin bokiti. "Ban sani ba tukuna," in ji shi. "Wani lokaci da ke, wani lokaci da ni. In na gane zan gaya miki."

Uwar ta dawo ta ce su matsa da bokitin, sun tare wa mutane hanya. Suka matsa. Suka tsaya su uku a gaban kabarin, tsohuwar a tsakiya, ta fara addu'a a hankali, su kuma suna amsawa.